Ɗanmaliki Mai Majigi da Baƙuwar Bariki

Ran wata Laraba, bayan kakar shekarar 1961, motar majigi ta shigo Kebbe ɗauke da fim ɗin da matata ta fito a ciki. A lokacin matar tawa, Kulu, tana kabari tun damina.

Wanda ya tuƙo motar sunansa Ɗanmaliki, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. A watan nan aka ce ya mai da mota ofis ya tafi gida ya huta, tunda shekaru sun ja, kuma Jihar Arewar da yake yi wa yawo ana raba ta. Na san ba za a tara kowa a yi masa jawabi ba. A ƙasarmu sai mutum ya mutu ake gano yana da hali, shi ma sai in ya bar 'ya'ya masu muƙami. Ni malamin makaranta ne, ban iya kirari ba, ban kuma cika yabon mutane ba, maƙwabtana shaida ne. Amma wannan ina so in yabe shi yana da rai, yana jin kunya.

Tun zamanin Turawa yake wannan aiki, kuma tsarinsa bai taɓa canzawa ba. Yakan shiga gari da hantsi, ya fara zuwa gaisuwa wurin hakimi ko mai gari, sannan ya nemi fili. Ya kafa sanduna biyu, ya ɗaure farin ƙyalle, ya ja igiya ta raba wurin maza da na mata. Ya kwance injin wuta ya duba, ya share gilashin na'ura da gashin kaza. Daga nan sai ya shiga kasuwa kamar marar aikin yi, yana tauna citta saboda murya, yana saurare: wane ne marowacin gari, wane ne ya faɗo daga jaki makon jiya, wace mai fura ce take ƙara ruwa. Finafinan da ake ba shi ba su da magana, hoto ne kawai na noman auduga ko haƙa masai, an ɗauko shi a wata ƙasa da ba wanda ya san ta. Shi ne bakinsu. Bayan sallar isha'i, idan ya riƙe lasifika, sai ka ji manomin cikin hoto ya zama Maccido na bakin kasuwa, jakinsa ma yana da suna. Mutane su yi dariya har su riƙe ciki, da safe kuma ka ga wani yana haƙa masai yana zagin Ɗanmaliki. Shi ne direba, shi ne makaniki, shi ne mai haskawa, shi ne mai bayani. A takardar ofis an rubuta shi mataimaki. Ban taɓa ganin wanda yake taimaka wa ba.

Fim ɗin da nake magana a kansa tunanin wani saurayi ne mai suna Attahiru, ɗan ofishinsu, wanda ya dawo daga kwas da kyamara guda ta aro da zaren fim kaɗan. An ce ya yi abin da zai sa mutane su yarda a yi musu lambar agana, don a wancan lokacin in mai lamba ya shigo ta ƙofar gabas, rabin gari ya fita ta yamma. Ko sunan ciwon ba a son faɗa, sai a ce ado. Attahiru ya kalli finafinan ban tsoro na Turawa a birni, ya ce irinsu zai yi. Ni kuwa na karanta littattafan da ake samo irin waɗannan labarai: tsohon gida na dutse a kan tudu, kyandir mai mutuwa ba dalili, da matattun da ba su da haƙuri. Na gaya masa matattunmu sun fi nasu ladabi, inda aka ajiye su nan suke zama. Bai ji ba. Ya sa wa fim ɗinsa suna Baƙuwar Bariki.

Labarin ba shi da tsawo. Wani maigida ya ƙi lamba, ruwa ya tare shi da iyalinsa a hanya, suka fake a wani kango. Wata mace cikin fararen kaya ta riƙa bin ɗaki ɗaki tana duba damtsen kowa. Wanda ta ga lamba ta wuce shi, wanda ba shi da ita ta shafa shi. A ƙarshe ta yaye fuskarta.

Kangon muna da shi: tsohon barikin saukar Turawa a bayan gari, rufinsa ya ɓurma, jemagu sun gaje shi. Fitilar ɗaukar hoto ce su Attahiru ba su da ita, don haka da rana tsaka aka ɗauki komai. Ɗanmaliki ya turara gilashi da hayaƙin aci-bal-bal ya kara a idon kyamara, rana ta koma dare. Inda ake son haske ya tara farantan tasa na matan unguwa ya karkata su. Hazo kuwa ƙaiƙayi ne jiƙaƙƙe aka cinna wa wuta, 'yan wasa suna tari, Attahiru yana cewa madalla.

Mace ce ta gagara samuwa. An gwada wani siririn tela, hannuwansa suka tona shi. Sai Kulu ta ce za ta yi. Ita ce take shiga gidaje ta yi wa matan kulle lamba, aikinta ke nan a disfensare, kuma agana ta kama ta tana ƙarama, ta bar mata zanzana a fuska tun daga goshi har haɓa. Na ce mata matar malami ba ta wasan kwaikwayo.

Ta ce, "Malam, ni na san baƙuwar ga. Ƙannena biyu ta ɗauka, ni ta bar min shaidarta. In tsoro na zai sa su miƙa damtse, to su ji tsorona."

Na ƙyale ta.

A nan aka yi kuskuren. Attahiru farin mayafi yake so, mai yawo cikin iska irin na fatalwar Turawa. Amma namiji ba zai taɓa matar aure ya shirya ta ba, sai aka kira dattijuwar da ta fi kowa sanin farin ƙyalle a Kebbe, wato Atu, mai wankan gawar mata. Aka miƙa mata alawayyo. Ta yage shi da hannu, ba ta sa almakashi ba, ta naɗe Kulu, ta ɗaure a ka, ta ɗaure a ƙugu, ta ɗaure a sawu. Attahiru ya ce, "Inna, ba a iya sassautawa ya ɗan yi yawo?"

Atu ta ce, "Yaro, ni hakanga nika naɗe mace da fari. Wani naɗi ban san shi ba."

Ya leƙa ta kyamara ya ga abin ya fi wanda ya zata ban tsoro, ya yi murna. Da yake sawunta a ɗaure suke, aka tsayar da ita a kan amalanke, aka tare ƙafafun amalanken da tabarma, Ɗanmaliki ya kwanta a ƙasa yana ja da igiya. A hoto sai ka ga mace tana tafiya ba ta ɗaga ƙafa. Duk wanda yake wurin ya yi dariya, har ita. Ba wanda ya tsaya ya ce, wannan fa likkafani ne. Ni ma ina makaranta ina koya wa yara sunayen kogunan ƙasashen da ba za su taɓa zuwa ba.

Aka aika zaren can nesa a wanke. Kafin ya dawo damina ta faɗi, hanyar Tambuwal ta yanke, haihuwa ta zo wa Kulu da gardama, ba halin kai ta asibiti. Ita da abin da ke cikinta aka binne. Atu ce ta yi mata wanka, ita ta naɗe ta.

To, ran Larabar nan Ɗanmaliki ya yi sallama a ƙofar gidana yana murmushi, ya zo yi wa Kulu albishir. Da na gaya masa, ya zauna a dakali ya cire hula. Sannan ya ce ba zai haska ba sai na yarda. Na ce ta so a gani, a haska.

Duk Kebbe ta fito. Da farko ana dariyar maigidan nan mai taurin kai. Ɗanmaliki yana murza tsohuwar fata a bakin lasifika ta ba da kukan ƙofa, mata suna kama juna suna jin daɗi. Sai farin abu ya ɓullo daga ƙarshen soro yana tahowa ba ƙafa. Wurin mata ne ya fara yin tsit, don su suka san ɗaurin Atu. Suka ga ɗaurin ka, na ƙugu, na sawu, daidai yadda suka fitar da ita daga ɗakinta watannin baya. Da aka yaye fuskar, wata ta kurma ihu ta kira sunanta. Ba wanda ya ga agana a ƙyallen nan, Kulu suka gani ta taso. Igiyar da ta raba maza da mata ta tsinke, aka tattake tabarmi da takalma, wani tsoho ya karye a hannu.

Kafin mako ya zagayo an fara ganin ta. Masu itace sun gan ta a bariki, wani mai kiwo ya rantse ta bi shi har rafi. Mutanen da ta shiga gidajensu ta ceci 'ya'yansu suka ce ai ta sa likkafani da ranta, shi ya kira ta, kuma ƙasa ba ta karɓe ta ba. Uwa in tana son ɗanta ya yi shiru sai ta ce, ga Kulu ta bariki nan. 'Yarmu Zahara'u tana ƙarama, a makarantar allo yara suka daina zama kusa da ita, suna kiran ta ɗiyar fatalwa. Na yi zaman makoki da mutanen nan, na karɓi gaisuwarsu, sannan na ji abin da suke yi da sunan matata. Ban yafe da sauri ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na gama ba.

Na rubuta wa ofishinsu na roƙi a janye fim ɗin. Aka amsa mini da ladabi cewa ana taya ni baƙin ciki, amma duk inda aka haska shi mutane suna yin layi a yi musu lamba, don haka zai ci gaba da yawo. Wata jarida ta yabi Attahiru a sakin layi guda, ta rubuta sunan garinmu ba daidai ba. An ƙara masa girma. Ba na jin haushinsa, ya zo ya yi mini ta'aziyya yana kuka, yaro ne da ya so yin abin kirki da kayan aro.

Sai na sami Ɗanmaliki na ce masa, zaren fim ai yana cin wuta, na'ura kuma tana zafi, ba wanda zai tuhume shi.

Ya ce, "Malam, amana ce anka ba ni, ba ni ƙone ta. Kuma in na ƙone shi, mi ya rage? Abin da sunka gani ran nan shi kaɗai zai zauna ga idonsu har su mutu. Bar ni da shi. Ni ab bakin fim ɗin ga."

Na tashi na bar shi ba sallama. Abin da ya yi bayan haka ban gani da idona ba, mutane ne suka riƙa kawo mini shi guntu guntu.

Namadi mai gishiri, mutumin Sanyinna, shi ya fara ba ni labari. Ya ce da la'asar, rana tana sama, Ɗanmaliki ya sauke amalanke daga mota a tsakiyar kasuwarsu, ya kira sarkin fawa, ƙaton mutum, ya tsayar da shi a kai, ya tare ƙafafun da tabarma, ya kwanta ya ja igiya. Sarkin fawa ya taho yana shawagi da tumbinsa yana salati, kasuwa ta kwashe da dariya. Wani ya ce a naɗe shi da fari mana ya yi daidai. Ɗanmaliki ya daina dariya, ya ce, "A'a. Wanga kuskure an yi shi sau guda, ba a ƙara shi gabana." Sannan ya nuna musu gilashin da ya turara da farantan tasa, ya ce duk abin da za ku gani anjima da tsakar rana munka yi shi, muna tari.

Da aka fara haskawa, ya bar su suka ji tsoronsu, don aikin da aka aiko shi ke nan. Amma da aka zo wurin yaye fuska, sai ya ajiye muryar wasa ya yi magana da tasa. Namadi ya riƙe maganar kamar karatu:

"Jama'a, wagga da kuka gani mutum ta kamar ku. Sunanta Kulu, matar Malam Dawuda na Kebbe. Zanen da ag ga fuskarta ado na, shi munka zo ku tsere ma. Ta ara muna fuskarta don ɗiyanku. Ta riga mu gidan gaskiya wurin haihuwa, tana kwance inda anka aje ta. Kowa ya yi mata Ƙulhuwallahu."

Namadi ya ce bai taɓa jin filin majigi ya yi irin wannan shiru ba, sai motsin leɓɓa. Daga baya na ji cewa kafin ya fara haka sai da ya je wurin wani malami a Tambuwal ya tambaya ko ya halatta a roƙa wa mamaci gafara a wurin kallo. Malamin ya ce masa bai san wurin da aka hana musulmi yi wa ɗan'uwansa addu'a ba, in dai wurin da tsarki.

Haka ya yi a Fakku, haka a Dogon Daji, haka a ƙauyukan da mota ba ta shiga sai an tura ta. Ba ofis ne ya sa shi ba, ofis bai ma sani ba. Wani dare lasifika ta lalace, aka ce ya hau kan mota ya faɗa da bakinsa har muryarsa ta dushe. Shekara da shekaru, duk inda fuskar nan ta bayyana, sai an yi mata addu'a. Ni da nake mijinta, da karatuna da komai, ban tara mata ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba.

Kebbe ce ta ƙarshe, don masu ƙirƙiro magana su suka fi wuyar sakin ta. Amma mutanenmu suna cin kasuwannin nan, suka riƙa jin baƙi suna cewa Kulu mai lamba, Allah ya jiƙanta, sai kunya ta fara yi musu aikin da hankali bai yi ba. Wata rana Zahara'u ta raka gwaggonta kasuwar Dogon Daji, wata mai daddawa ta ji daga inda suke, ta kama hannunta ta ce, "Ke ta ɗiyar Kulu?" Yarinyar ta sunkuyar da kai tana jiran abin da ta saba ji. Matar ta janyo ɗanta ta nuna mata lambar damtsensa, ta ce, "Uwarki ta sa anka yi mai." Ta cika mata ƙwarya da daddawa. Yarinyar ta dawo gida ta tambaye ni, karo na farko, yaya muryar uwarta take.

Kai ne ka yi wannan, Ɗanmaliki. Kai ne ka ja igiyar da ta mai da ita fatalwa, ba da nufi ba, kuma kai ne ka bi gari gari kana mai da ita mutum. Mai baki a bayan haske, wanda kowa ya san muryarsa, ba wanda ya san fuskarsa. An ba ka abin tsoratarwa ka kai wa talakawa, ka kai musu shi, amma ba ka bar su da tsoron ba. Na ga masu ilimi da yawa da aka ba amanar abin da ya fi wannan sauƙi suka ɓata shi. Na gode. Zahara'u ta gode. Ku kuma samarin da za a miƙa wa sababbin motoci da sababbin na'urori masu magana da kansu, ku je gidansa a Tambuwal tun yana da ƙarfin zama a zaure. Yadda ake ɗaura zare za ku koya cikin yini guda. Ku tambaye shi yadda ake tuna cewa wanda ke cikin hoto yana da dangi.

Ni dai ban sake kallon fim ɗin ba sai makon jiya. Ya aiko mini cewa zai yi haskawar ƙarshe a Tambuwal kafin ya miƙa mota, in zan iya zuwa. Na je na zauna a baya. Zaren ya tsufa, ya yi zane zane kamar ana ruwa. Na ga baƙuwar, na ji an yi addu'a, na ɗauka an gama. Sai wani ɗan guntu ya biyo baya wanda ban san da shi ba. Ashe cikin abin da Attahiru ya yanke ya zubar ne Ɗanmaliki ya tsinta, ya liƙa a ƙarshe tun shekarar farko. Ba gilashin hayaƙi a wannan, rana ce fes. Atu tana kwance ɗaurin, Kulu ta fito da hannuwanta ta karɓi moɗa ta sha ruwa, ta goge baki, ta dubi kyamara tana dariya, ta faɗi wata magana. A nan kaɗai, duk tsawon fim ɗin, mai lasifika bai ce komai ba.

Da mutane suka watse na same shi yana naɗe ƙyalle. Na ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Saƙonka na, Malam, ba na jama'a ba. Na so in ba ka tun tuni, ban ga fuskar ba ka ba."

Na ce ya faɗa.

"Cewa ta yi, ku gaya ma Malam yau dai fuskar ga ta yi amfani."

Da wasa ta faɗa, na gani a idonta. Amma mutum ba ya yin irin wannan wasa sai da abin da ya daɗe yana ɗauke da shi. Mu a nan miji ba ya yabon fuskar matarsa, ko sunanta ba ya cika kira, ni kuma na ɗauka akwai lokaci. Ɗanmaliki ya kawo saƙonsa, kamar yadda ya saba. Amsar ce ba mai kaiwa.

Kulu, ni ban taɓa ganin zanzana a fuskarki ba. Ita nake fara nema in na buɗe ido.